Gabar Dogo

A kasuwar kowa da abin awonsa. Mai hatsi na da mudu da tiya, mai man girki na da kwalba da ludayi, mahauci na da sikeli, mai yadi na da sanda. Dogo mai igiya kuwa hannuwansa ne ma'auninsa. Zai kama bakin igiya da yatsun hagu, ya ja ta bisa ƙirjinsa, ya buɗe hannu biyu har iyakarsu, ya ce, "Ɗaya." Wannan ita ce gaba. Ya sake kamawa daga inda ya tsaya, ya ce, "Biyu." Haka yake yi tun gemunsa na baƙi har ya koma fari fat.

Allah ya ba shi tsawo, ya ba shi dogayen hannuwa, saboda haka gabarsa ta fi ta kowa, har ta zama abin kwatance. In magini zai faɗi faɗin fili sai ka ji ya ce, "Zai yi goma, gabar Dogo." Masu haƙar rijiya ba su san zurfi da wani lissafi ba sai da ita. Wanda ya sayi igiya a wurinsa ba ya sake aunawa, naɗewa yake yi ya tafi.

Dogo bai tara dukiya ba. Rumfa ɗaya ce, da gida mai ɗaki biyu, da wannan suna. Kuma ya san yana da sunan, nan ne aibinsa yake. Mutumin da ya tabbatar wa kansa shi mai gaskiya ne yakan yi wuyar zama da jama'a. Ya sha ɗaukar mudun mai hatsin da ke maƙwabtaka da shi, ya kifa shi a gaban masu saye, ya nuna musu inda aka bubbuge gindin ya shige ciki. Gaskiya yake faɗa, mudun nata tauyayye ne. Amma yadda yake faɗar gaskiyar, ko mai gaskiya sai ya ji haushi.

Akwai ma'aikacin da hukuma ta ɗora wa duba awo, 'yan kasuwa na ce masa Mai Tambari. Aikinsa ya zagaya sau ɗaya a shekara, ya gwada kowane ma'auni da na hukuma, ya buga masa tambari, ya karɓi kuɗin duba. Shekarar da ya kama aiki, yana saurayi mai zafin nama, ya tsaya a rumfar Dogo ya ce sai an kawo sandar awo. Dogo ya ce shi ba ya da wata sanda sai wadda aka haife shi da ita. Aka yi ta ja-in-ja, har Mai Tambari ya ɗauko ƙarfen hukuma mai tsawon gaba ɗaya, ya ɗora a ƙirjin Dogo. Yatsun Dogo suka zarce ƙarfen. Mai Tambari ya yi dariya, ya ce tunda mai saye ke cin riba ba shi da ta cewa. Ya kama hannun Dogo ya buga masa tambari a tafi, kasuwa ta ɗauki shewa.

Daga ranar bai sake auna shi ba. Duk shekara zai zo, ya zauna a benci, ya sha ruwa, ya karɓi kuɗin duba, ya buga tambari a tafin hannun Dogo, ya wuce. Tun ana dariya har aka daina. Zafin naman ya tafi, takalminsa ya cinye ta gefe ɗaya, jakarsa ta yi ɗinki a kan ɗinki. Sauran rumfuna ma haka ya koma yi musu, karɓa da bugawa, ƙarfen na rataye a ofis yana tsatsa. Karɓar kuɗin duba ba a duba ba sata ce, ko da an yi ta da sallama da gaisuwa. Amma kowa ya gaji, mai bayarwa da mai karɓa, ba wanda ya kira abin da sunansa.

Wata rana da hantsi, kasuwa ta cika, sai ga Gajere mai haƙar rijiya yana dogara sanda, ƙafarsa ta hagu ɗaure da karan ɗori, igiya sabuwa naɗe a kafaɗarsa. Shi da Dogo tare suka tashi, kuma tunda ya fara shiga rami bai taɓa sayen igiya a wani wuri ba. Ya iso ya jefar da igiyar a gaban rumfa.

Dogo ya ce, "A'a, Gajere, wace akuyar ce ta tunkuye ka?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Ka kusa kashe ni."

"Ni? Ina zaune a nan?"

Gajere ya zauna a benci da ƙyar, ya miƙe ƙafar. Ya ce, "Rijiyar gidan mai injin niƙa ka san ta. Ni na haƙa ta da hannuna, da igiyarka na auna ta. Gaba sha biyar ce har da abin ɗauri. Suka kira ni in yashe ta. Na zo nan na ce ka ba ni sha biyar, ka ba ni, na tafi. Na ɗaura, na sauka. Ka san can ƙasa ba a ganin komai. Igiya ta ƙare a hannuna, na ce to na iso, na saki."

Ya ja numfashi, ya ci gaba.

"Ashe saura fiye da tsayin mutum. A kan dutse na dira. Sai da suka ƙulla igiyar shanya da ta guga suka jawo ni kamar mushen jaki. Igiyarka ba ta cika ba, Dogo."

Mutane sun fara taruwa. Mai hatsi ta bar mudunta ta matso, tana gyara ɗaurin zani.

Dogo ya fito daga rumfa. Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya duba bakinta biyu, ƙonon da yake yi wa baki don kada ta warware yana nan, ba a yanke ta ba. Ya miƙe tsaye a tsakiyar hanya ya fara aunawa da ƙarfi, jama'a na ƙirga tare da shi. Ɗaya. Biyu. Uku. Da ya kai sha biyar bakin igiyar ya faɗo daidai yatsunsa, ba ragi ba ƙari.

Duk wannan ƙirgar Gajere bai kalli igiyar ba. Hannun Dogo na dama yake kallo.

Dogo ya juya ga jama'a ya ce, "Kun gani?" Sannan ya dubi abokinsa. "Ko dai rijiyar ta ƙara zurfi, ko kai ka ƙara gajarta, ko kuwa kan ne ya fara yoyo."

Aka yi dariya. Da ya tsaya nan da abin ya wuce a wasa. Amma dariyar mutane giya ce, ta ɗebe shi.

Ya ce, "In kuɗin mai ɗori kake nema, ka buɗe baki ka roƙa, a ba ka. Ba sai ka zo ka shafa mini baƙin jini a bainar jama'a ba."

Dariyar ta mutu. Gajere ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya sake kallon hannun, ya rufe. Ya dafa sanda ya tashi.

"Ɗauki igiyarka," in ji Dogo.

"Riƙe ta," in ji Gajere. Ya tafi yana jan ƙafa.

Da yamma Dogo ya koma gida ya tarar da matarsa a tsakar gida tana auna shinkafa da gwangwanin madara, tana zubawa a kwano. Ya zauna a tabarma ya kwashe labarin duka ya faɗa mata, har da maganar kuɗin mai ɗori, yana jiran ta ce ya yi daidai. Ba ta ce ba. Ta shafe bakin gwangwani da yatsa, ta juye, ta sake cikawa.

"Uwar yara, da ke nake."

"Ina jin ka, Malam."

"To zo ki taya ni cire rigar nan, ki kawo man zafin."

Kullum sai ta yi masa haka tun sanyin bara. Ta kama wuyan rigar ta zare hannun hagu tukuna, sannan ta lallaɓa ta zame na dama, don ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Ta shafa masa man tun daga wuya har gwiwar hannu. Yana cije baki. Da ta gama ta goge hannunta, ta tsaya a kansa ba ta koma wajen shinkafar ba.

Ta ce, "Tashi ka ga wani abu."

Igiyar shanya ce ta kai shi. Tana ɗaure daga turken da ke bakin ɗakin girki zuwa ƙarfen tagar ɗakinsu. Ta janye rigunan da ke kanta gefe guda, ta nuna masa ƙarshenta wajen taga. Igiyar ba ta kai ƙarfen ba. Wani tsumman tsohon zani ne aka murɗe aka ƙulla ya cike gurbin, tsawonsa ya kusa kamu biyu.

"Gaba nawa ne daga turken nan zuwa taga?"

"Huɗu," in ji shi. "Ni na auna ranar da muka tare."

"Gaba nawa ka kawo mini watan jiya?"

"Huɗu."

"To ga huɗun nan."

Dogo ya kama tsumman ya jujjuya. Ya ce, "Kin yanka kin ɗaure wani abu."

"Ga ƙonon da ka yi wa bakinta nan."

"To an matsar da turken."

"Wa ya matsar? Ko bangon ne ya yi tafiya muna barci?"

Ya dube ta da fushi. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Ta ce, "Wadda ka kawo kafin wannan ma ba ta kai ba, amma tsumman bai fi tafin hannu ba. Na ce ko rana ce ta sa ta tsuke. Wannan da na ga yadda ta gaza, na san ba rana ba ce. Malam, hannunka ne. Gwiwar ba ta miƙewa, kafaɗar ba ta komawa baya. Kai kana jin ka buɗe har iyaka, iyakar ce ta matso."

Ya juya ya jingina baya da bango, ya buɗe hannuwa. Na hagu ya kwanta a bango sarai. Na dama ya tsaya a hanya, a lanƙwashe, yana rawa. Ya matsa masa, zafi ya harbe shi har cikin kunne. Ya daɗe yana kallon hannun kamar na aro. Sannan ya sauke shi a hankali.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa yake faɗa maka magana? Tunda na shigo gidan nan ban taɓa jin an ce ka yi kuskure ka ce to ba." Ta koma ta zauna gaban kwanonta. "Ni ma haka ta same ni. Da tafin hannu nake auna gishiri tun ina amarya. Ka tuna lokacin da kake ta faɗa miya ba ta da gishiri? Na rantse maka yadda na saba na zuba. Ashe yatsun ne suka ƙanƙame, tafin ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka da. Yanzu cokali nake sa wa. Yau da gobe ba ta bar komai ba."

"Gishiri bai karya ƙafar kowa ba," in ji Dogo.

Ta ajiye gwangwanin. Ita ma da nata kason, ta kuma sani. Ta zaɓi zaman lafiyar tsakar gida, ta ƙulla tsumma ta rufe baki, wani ya biya da ƙashinsa. Shiru ba kullum yake zama haƙuri ba, wani lokaci tsoro ne ya sa rigar haƙuri.

Bai ci abinci ba ranar. Ya zauna yana tuna fuskokin da suka tsaya a rumfarsa tun sanyin bara, masu ɗaure kaya, masu ɗaure dabba, masu guga. Ba wanda ya dawo, don ba wanda ya auna. Amincewar da suka yi masa ita ta ɓoye cutar da ya yi musu.

Da safe ya bi ta ƙofar gidan Gajere, ya yi sallama, ya ce daga waje, "Ka zo rumfa da hantsi." Bai jira amsa ba. Ya wuce ofishin duba awo.

Ɗaki ne guda a bayan kasuwa, kusa da inda ake zubar da shara. Tebur ɗaya, kujera ɗaya mai ƙafar aro, fanka a sama da ba ta juyawa. A kusurwa an tara tsofaffin mudu da sikelin da aka ƙwace tun zamanin da ake ƙwacewa, gizo-gizo ya yi gida a kansu. Ƙarfen gaba na rataye a bango. Mai Tambari na zaune ya cire takalmi yana matsa yatsun ƙafa.

"Baba Dogo! Lafiya? Ai ka biya na bana."

"Na biya. Abin da na biya na zo karɓa."

"Me ke nan?"

"Duba. Shekara nawa kana karɓar kuɗin duba? Yau ka duba."

Mai Tambari ya yi murmushin gajiya. "Na ji labarin jiya. Ai an ce ka auna a gaban kowa ta cika. Magana ta ƙare."

"Da abin da ake tuhuma na auna. Ɓarawo ne ya ba da shaidar kansa." Dogo ya buɗe hannuwa a tsakiyar ɗakin. "Duba."

Mai Tambari ya duba. Murmushin ya tafi. Ya tashi ya tura ƙofa ta rufu, ya dawo ya rage murya.

"Baba, zauna mu yi magana irin ta manya. Ga sandunan awo nan da tambarinsu. Ka ɗauki ɗaya, ka ce hukuma ce ta matsa maka lamba. Ni zan ɗauki laifin, na saba. Kowa zai zage ni, kai sunanka na nan. Wa zai sani?"

"Gajere."

"Gajere abokinka ne. Ka je gida ka ba shi haƙuri, ka biya mai ɗori."

"A gida na ce masa maroƙi?"

Mai Tambari ya shafa fuska da hannu biyu. Ya ce, "Ka san abin da doka ta ce? In na auna a fili na sami ragi, sai na ƙwace ma'aunin, in shafa jan fenti a turken rumfa, ya zauna har zagayowar shekara. Me zan ƙwace? Hannunka zan cire in sa a buhu? Kuma fentin nan, Baba, ba ya tambayar ko ganganci ne ko ciwo. Ja ne kawai. Wanda ya zo wucewa zai ce ga rumfar macuci."

"Na sani."

"Ni ma fa abin zai taɓa ni. Za a ce ina nake duk shekarun nan."

"To ina kake?"

Mai Tambari ya koma wurin kujerarsa. Ya zauna ya sa takalminsa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirin zuwa jana'iza. Ya sauko da ƙarfen ya goge tsatsar da gefen labule. Ya daɗe yana neman gwangwanin fentin, da ya same shi sai da ya zuba kananzir ya dama, don ya daskare.

Da suka iso Gajere na zaune a benci, ƙafa a miƙe. Ganin Mai Tambari da ƙarfe a kafaɗa ba lokacin zagayensa ba ya sa kasuwa ta motsa. Mai hatsi ta yi wuf ta tura mudunta ƙarƙashin buhu. Da ta ga ba wurinta aka nufa ba, ta fito gaba-gaba.

Dogo ya tsaya inda ya tsaya jiya, ya ce da murya mai ƙarfi, "Wanda ya ƙirga da ni jiya ya matso."

Ya buɗe hannuwa. Mai Tambari ya ɗora ƙarfen a ƙirjinsa, ya daidaita baki ɗaya da yatsun hagu. Kowa ya juya ga ɗaya bakin. Yatsun da suka taɓa zarce ƙarfen yanzu ba su kai ba. Tsakaninsu da bakin ƙarfen akwai fili da ko yaro zai gani.

"Miƙe sosai, Baba," in ji Mai Tambari ƙasa-ƙasa.

Dogo ya miƙe. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Yatsun suka matsa kaɗan, suka yi rawa, suka koma.

Mai Tambari ya yi gyaran murya. "To, wato, kusan dai a ce..."

"Faɗi abin da ka gani."

Mai Tambari ya sa hannunsa ya auna filin. Ya ce, "Ta gaza. In aka haɗa da zarcewar da take yi a da, ragin ya kai ɗani guda a kowace gaba, daga babban yatsa zuwa na tsakiya."

Wani a baya ya fara lissafin abin da hakan zai zama a gaba sha biyar, ya yi salati.

Mai hatsi ta tafa hannu ta rangaɗa shewa. "Ayyururui! Ashe wanzami ba ya son jarfa! Malam mai kifa mudun mutane, yau wa zai kifa naka? Ni ko gindin mudu na buga, ban taɓa jefa mutum rijiya ba!"

Ba wanda ya hana ta. Dogo ma bai tanka ba. Rabin maganarta gaskiya ce, kuma shi ya koya mata faɗar gaskiya da wulaƙanci.

Mai Tambari ya tsoma tsinke a gwangwani ya ja layi ja a turken rumfa. Ya so ya yi shi siriri, can ƙasa. Dogo ya nuna masa daidai idon mai wucewa. Fentin ya yi ruwa da yawa, ya gangaro.

Sannan Dogo ya juya ga benci.

"Gajere. Igiyarka ba ta cika ba. Kanka ba ya yoyo, kuma ba roƙo ya kawo ka ba. Ni na karya maka ƙafa, na kuma bi ka da baƙar magana. A nan na faɗa, a nan nake janyewa."

Gajere ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Tun jiya na gani. Kana ƙirgawa ina kallon hannun."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In ce me? In ce jama'a ku dubi Dogo ya tsufa? Na zo da niyyar in ci mutuncin macuci, sai na tarar da tsoho." Ya gyara zaman ƙafarsa yana yamutsa fuska. "Mai ɗori ya ce ko ta warke ba na sake shiga rami. To ka gani. Kai ba gaba, ni ba rijiya."

Dogo ya zauna a ɗaya gefen bencin. Ba su kalli juna ba.

Can Gajere ya ce, "Abu ɗaya dai ya yi mini daɗi."

"Me?"

"Kana ta raguwa. In Allah ya ja kwana sai mun zo daidai."

Dogo bai yi dariya ba, amma ya saki numfashi mai tsawo. Jama'a suka fara watsewa, kowa na komawa ga abin da ya fito nema. Wasu suna tafe suna duban igiyar da ke ɗaure da kayansu. Wata mata da ta tsaya tun ɗazu da kuɗi a hannu ta dubi jan layin, ta dubi Dogo, ta wuce rumfar gaba. Ya bi ta da ido har ta saya. Ya san ba ita ce ta ƙarshe ba. Ya kuma san daga yau magini zai nemi wani abin kwatancen.

Mai Tambari ya aika aka kawo sandar awo daga ofis, sabuwa, da tambarin hukuma a bakinta. Ya miƙa wa Dogo da hannu biyu. Dogo ya karɓa ya juya ta. Ba ta da nauyi. Ya jingina ta da turken, ƙarƙashin fentin.

Mai Tambari ya tsaya yana sosa ƙeya, bai tafi ba.

"Akwai saura?" in ji Dogo.

"Wallahi Baba da kunya nake faɗa. Kuɗin da ka biya na bana, na hannu ne. Sanda sabon ma'auni ce, kuɗin dubanta daban."

Gajere ya kwashe da dariya har ya riƙe ƙafa. "Kai, hukuma! Ko gawa ta zo wucewa sai ta biya kuɗin tsawo."

Dogo ya sa hannun hagu a aljihu, ya fito da kuɗin. Mai Tambari ya miƙo hannu. Dogo bai saki ba.

"Ka duba ta?"

"Ai ga tambari nan a jiki."

"Ni ma da tambari a jikina." Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna masa. "Ɗora ta a ƙarfen."

Mai Tambari ya dube shi, ya dubi rana da ta take tsaka, ya dubi doguwar hanyar komawa ofis. Sannan ya ajiye jakarsa, ya tattare riga, ya durƙusa a ƙasa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya shimfiɗa ƙarfen, ya jera sandar a gefensa. Dogo da Gajere suka sunkuyo daga benci, tsofaffi biyu, suna kallon bakin sandar.